Fetur, Kananzir da Gazuwal: Doka Ta Raba Su, Jarka Ta Haɗa Su

Duk shekara idan bazara ta kunno kai, labarin gobara yakan yawaita a garuruwanmu, daga Ngaundere zuwa Garwa, Marwa har Kusiri. Yau a ce rumfar mai ta tashi, gobe a ce risho ya fashe a hannun uwargida, jibi a ce shago ya cinye da kayan da ke ciki. Mukan je jaje, mu ce ƙaddara ce, mu koma harkokinmu. Ƙaddara gaskiya ce, babu mai musun wannan. Sai dai akwai wani ilimi da dokokin ƙasashe suka daɗe da tsarawa game da man da muke saya kullum, kuma har yau bai isa kunnen mai sayarwa a bakin titi ba, balle na mai saye. A kansa nake so mu tattauna, domin da yawa daga cikin asarar da muke yi, daga wannan giɓin take fitowa.

Tun daga suna aka fara rikici

Mu Hausawan Kamaru muna zaune ne tsakanin harsuna. Abin da Bahaushen Najeriya yake kira fetur, shi ne mai jin Faransanci yake kira essence, wasunmu su ce isansi. Shi kuma mai jin Faransanci idan ya ce pétrole, kananzir yake nufi, na fitila da risho. Kun ga kalma ɗaya ce a asali, amma a baki biyu ta zama mai iri biyu, ɗaya ya fi ɗaya haɗari nesa ba kusa ba. Haka gazuwal: a tsallaken iyaka man gas suke ce masa, alhali gas a wajen matan gida tukunyar girki ce.

Wani zai ce wannan ai ƙaramin abu ne. To, a tuna wa muke aika sayen mai. Yaro ne ɗan shekara takwas ko tara, da kwalba a hannu, an ce masa je ka sayo na fitila. Idan mai rumfar yana sayar da duka biyun, kuma kwalaben iri ɗaya ne, kuskuren kalma ɗaya ya isa ya jefa gida cikin makoki. A aji na sha tambayar ɗalibai bambancin fetur da kananzir, amsar da ta fi yawa ita ce ɗaya na babur ne, ɗaya na fitila. Amsa ce ta amfani. Doka kuwa da wani ma'auni daban take raba su.

Ma'aunin da doka take dubawa

Abu na farko da ya kamata kowa ya riƙe: ruwan man ba shi ne yake ci da wuta ba, tururin da ke tashi daga kansa ne. Kowane mai yana da wani mataki na zafi wanda idan ya kai shi, tururinsa ya isa ya kama da zarar ya haɗu da tartsatsi ko harshen wuta. Masana na Faransanci suna ce masa point d'éclair. Mu kira shi matakin kamawa.

Na fetur yana can ƙasa da digiri 40 ƙarƙashin sifili a ma'aunin Salshiyas. Ma'ana, ko cikin firji ka saka shi, a shirye yake ya kama. Na kananzir mai kyau yana farawa daga digiri 38. Na gazuwal kuwa, ƙa'idar Turai ta ce dole ya haura digiri 55. Shi ya sa a wuri mai sanyi idan ashana ta faɗa cikin kwanon gazuwal takan mutu, amma fetur ba ya ma jira ashanar ta taɓa shi.

A kan wannan ma'auni aka gina rabe-raben doka. A Amurka, ƙungiyar kare gobara ta NFPA ta daɗe da raba mai gida biyu a kan digiri 37.8: duk wanda matakinsa yake ƙasa da haka, mai saurin kamawa ne, wanda yake daidai ko sama da haka, mai ci ne idan an zafafa shi. Fetur ya faɗa gida na farko, kananzir da gazuwal suka faɗa na biyu. Tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na rarraba sinadarai, wanda aka fitar a 2003, ya yi aji huɗu. Aji na 1 da na 2 na waɗanda matakinsu bai kai digiri 23 ba, na 3 daga 23 zuwa 60, na 4 daga sama da 60 zuwa 93. A 2012 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta koma kan wannan tsarin ita ma.

Rabon yana da aiki, domin daga ajin mai ake yanke irin mazubin da za a zuba shi, yawan da za a iya ajiyewa a wuri ɗaya, tazarar da za a bari tsakaninsa da gidajen mutane, da irin kayan kashe gobarar da dole a tanada. Ko a kan hanya kuna iya gani da idonku. Ku dubi allon nan mai ruwan lemo da ke jikin tankokin manyan kamfanoni. Idan lambar ƙasa 1203 ce, fetur ne a ciki, kuma ta sama za ta zama 33, alamar mai tsananin saurin kamawa. Idan 1202 ce gazuwal ne, 1223 kuma kananzir, ta samansu 30. 'Yan kwana-kwana da waɗannan lambobi suke sanin abin da za su tarar tun kafin su matso.

Bari in ƙara lissafi ɗaya irin na aji. Tururin fetur yana kamawa ne idan ya kai kimanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari na iskar wuri. Lita ɗaya idan ta bi iska gaba ɗaya tana ba da tururi kusan lita 180. Ɗakin da yake da mita 3 tsawo, 3 faɗi, 2.5 bisa, lita biyu kacal sun isa su mayar da duk iskar cikinsa abin fashewa. Kuma ba sai an kai haka ba, domin tururin ya fi iska nauyi ninki uku zuwa huɗu. Ƙasa yake kwanciya, ya bi ƙarƙashin ƙofa, ya gangara kwata, ya je ya tarar da murhun maƙwabciya. Wutar kuma ta biyo shi baya har inda jarkar take.

Zafin da masu rubuta ƙa'ida ba su zauna cikinsa ba

Ga inda nake so hukumominmu su tsaya su yi tunani. Waɗannan iyakoki an zana su ne a ƙasashen da digiri 38 zafi ne na ba-saban-ba. A can idan an ce kananzir ba mai saurin kamawa ba ne, gaskiya aka faɗa, tunda da wuya ɗakin ajiya ya kai matakinsa. Mu fa? A Marwa da Kusiri, watannin Maris, Afrilu da Mayu, ma'auni yakan haura digiri 40 a inuwa. Shagon kwano da rana tsaka ya fi haka, balle durom ɗin ƙarfe da aka bari a fili. Kananzir ɗin da takarda ta saka a aji mai sauƙi, a rumfar Kusiri da azahar ya riga ya wuce matakin kamawarsa.

Su kansu masu ƙa'idar sun san da haka. A dokar ma'aikata ta Amurka an rubuta cewa idan za a zafafa irin wannan mai har ya rage digiri 16.7 ya kai matakinsa, to a bi da shi kamar na ajin da ya fi shi haɗari. Su da na'ura suke zafafa shi a masana'anta. Mu rana ce take yi mana kyauta wata uku a shekara. Saboda haka duk ƙa'idar ajiyar da aka kwafo daga Turai ba tare da an duba yanayin arewacin ƙasar nan ba, ta bar ƙofa a buɗe.

Dokar 1998 da abin da ta gani

Manyanmu na Yawunde ba su manta da ranar 14 ga Fabrairun 1998 ba. A unguwar Nsam, kusa da ma'ajiyar mai ta SCDP, taragun jirgin ƙasa masu ɗauke da mai suka yi karo, mai ya malala, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasa. Wuta ta tashi. Mutum fiye da 100 suka rasu, wasu ƙididdigar ma sun haura 200. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Wata biyar bayan haka, ranar 14 ga Yulin 1998, aka sa hannu a doka mai lamba 98/015 kan wuraren sana'a masu haɗari ko masu cutar da lafiya ko masu takura wa maƙwabta. Dokar ta raba su aji biyu. Na farko su ne waɗanda ba za a buɗe ba sai da izinin hukuma, bayan an tabbatar da matakan kariya, kuma ana iya sharɗanta a nisanta su daga gidajen mutane da wuraren ɗibar ruwa. Na biyu su ne masu ƙaramin haɗari, waɗanda mai su zai sanar da hukuma ya kuma bi ƙa'idojin da aka gindaya.

Doka ce mai ma'ana, kuma ba na raina ta. Amma ku lura da wanda take magana da shi: mai ma'ajiya, mai gidan mai, mai masana'anta. Wato wanda yake da adireshi, da takardu, da ƙofar da sufeto zai ƙwanƙwasa. Tambayata ita ce, lita nawa ne daga cikin man da 'yan acaba suke sha a Garwa da Marwa yake bi ta irin waɗannan wurare? Duk wanda ya zaga garuruwan nan ya san amsar da idonsa: tebur ne a bakin titi, kwalabe a jere, mazurari a rataye, jarkoki a ɓoye a zaure ko bayan ɗaki.

Mai zuwa-zuwa ba shi da aji

Man da ake shigowa da shi daga Najeriya ta bayan fage, wanda muke kira zuwa-zuwa, a idon doka haramtacce ne, shi ke nan. Kuma a nan matsalar take. Abin da aka haramta gaba ɗaya ba a rubuta masa ƙa'idar tsaro. Babu takardar da ta ce wa mai tebur kada ka ajiye fiye da lita kaza, ka nisanci mai suya da mita kaza, ka ajiye bokitin yashi. A takarda babu shi, a titi kuwa shi ne gidan man talaka. Wani lokaci a yi samame a kwashe jarkoki, bayan kwana biyu tebur ya dawo. Abin da samamen yake koya wa mai sana'ar shi ne ya ƙara ɓoye kayansa, kuma maɓoyar ita ce cikin gida, inda mata suke girki, yara suke kwana.

Mun ga sakamakon wannan a kan hanya. Ranar 27 ga Janairun 2021, a gangaren Dschang, motar fasinja ta yi karo da wata mota da hukumomi suka ce tana ɗauke da mai ba bisa ƙa'ida ba. Mutum 53 suka ƙone. Motar da ta ɗauko fetur a jarkoki ba ta da allo mai ruwan lemo, ba ta da tankin da aka ƙera don jure karo. A jamhuriyar Benin, inda suke kiran irin wannan mai kpayo, dokar hukunta laifuka ta 2018 ta haramta sayar da shi a bakin titi. Duk da haka a Satumbar 2023 wata ma'ajiyarsa ta kama a Seme-Krake, kan iyaka da Najeriya, mutum fiye da 30 suka mutu. Haramci kaɗai bai hana ba.

Da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, farashin zuwa-zuwa ya yi tsalle a arewacin Kamaru, wasu suka ɗauka sana'ar ta mutu. Ba ta mutu ba, domin araha ba ita kaɗai ta haife ta ba. Akwai ƙauyuka da yawa da babu gidan mai ko ɗaya kusa da su. Ga ɗan acaba da kuɗin rabin lita kawai yake da shi da safe. Ga matasa da ba su da wani aikin. Muddin waɗannan dalilai suna nan, tebur yana nan.

Farashi da gauraye

Akwai wata hanyar kuma da rabon doka yake rushewa, ita ce gauraya. Tun bayan gobarar matatar SONARA ta Limbe a ƙarshen Mayun 2019, ƙasar nan daga waje take sayo tataccen mai, kuma nauyin tallafi ya sa gwamnati ta ƙara farashi sau biyu. A Fabrairun 2023 fetur ya tashi daga sefa 630 zuwa 730, gazuwal daga 575 zuwa 720. A Fabrairun 2024 fetur ya koma 840, gazuwal 828. Kananzir na gida aka bar shi a 350 don tausaya wa talaka.

Niyyar mai kyau ce. Amma ku yi lissafi: a farashin Fabrairun 2024, tsakanin litar kananzir da ta gazuwal akwai sefa 478. Wannan tazara gayyata ce ga marar tsoron Allah ya tuttula kananzir cikin gazuwal ko fetur ya sayar da tsada. Mai mota ya rasa injinsa, matan ƙauye su rasa kananzir ɗin da aka rage wa farashi dominsu, gazuwal ɗin kuma matakin kamawarsa ya sauko ƙasa da abin da takardarsa ta ce.

Gaurayen da ya fi kisa kuwa shi ne na akasin haka, fetur cikin kananzir, kuma sau da yawa ba da gangan ake yinsa ba. Jarka ɗaya ce, jiya ta ɗauko fetur, yau ta ɗauko kananzir. Mazurari ɗaya, tiyo ɗaya. Fetur kaɗan, kashi biyu ko uku cikin ɗari, ya isa ya sauko da matakin kamawar kananzir zuwa ƙasa da zafin ɗaki. Ga abin mamakin: a cikin rufaffen tanki na fetur zalla, tururi yakan yi yawa har iska ta kasa isar wuta, a na kananzir zalla kuma yakan yi kaɗan. Gaurayen ne yake faɗawa daidai tsakiya, inda fashewa take. Shi ya sa fitila ko risho da aka yi shekaru ana amfani da su lafiya, rana ɗaya su tashi kamar bam, musamman idan an ƙara musu mai suna kunne. Wannan dalilin ne kuma ya sa durom ɗin da babu komai ciki sai wari ya fi cikakke haɗari a hannun mai walda.

A Amurka al'ada ta raba launin mazubi: ja na fetur, rawaya na gazuwal, shuɗi na kananzir. A kasuwanninmu kuwa duk jarka rawaya ce, ta man girki da aka wanke, ita ce ta ruwa, ita ce ta fetur.

Abin da nake ganin ya kamata

Na farko yana wuyan gwamnati. A fito da aji na ƙaramin mai sayarwa, a rubuta masa ƙa'ida gajeriya da kowa zai iya riƙewa: iyakar litar da zai ajiye, irin mazubi, tazara daga wuta da makaranta da masallaci, haramcin ajiya a ɗakin kwana. Na san za a ce wannan halatta fasa-ƙwauri ne. Amsata ita ce a raba maganar gida biyu. Inda man ya fito aikin kwastan ne, su ci gaba da aikinsu a kan iyaka. Yadda ake ajiye shi a tsakiyar unguwa kuwa maganar rai ce, kuma wuta ba ta tambayar takardar kwastan. In an buɗe wa masu tebur hanyar sayen mai na halal da ƙananan famfuna masu tanki a rufe, da yawansu za su bi, don su ma ba sa son kwana da fetur a ƙarƙashin gado.

Na biyu, duk ƙa'idar ajiya a jihohin arewa uku ta ɗauki kananzir a matsayin mai saurin kamawa, ko da a watannin bazara ne kawai.

Na uku namu ne, ba sai mun jira kowa ba. Sarakunan Hausawa, masu unguwanni da shugabannin 'yan acaba suna da faɗa a ji fiye da takardar da aka manna a ofis. Za su iya tsayar da magana ɗaya a unguwa: mai sayar da fetur kada ya sayar da kananzir a tebur ɗaya, in kuwa dole ne, to kowanne da jarkarsa da mazurarinsa, a shafa wa na fetur jan fenti. Kowane tebur da bokitin yashi, domin ruwa ba ya kashe wutar fetur, ɗaukarta yake ya yaɗa. Mutanen Akara sun ga haka ranar 3 ga Yunin 2015, lokacin da mai ya bi ruwan ambaliya a wani gidan mai, fiye da mutum 150 suka rasu. Kada a zuba wa janareta mai yana aiki ko yana da zafi. Kada a ƙara wa fitila ko risho suna kunne.

Na huɗu, maganar kwasar mai idan tanka ta faɗi. Nsam ba ta zama ta ƙarshe ba. An yi a Yamai a Mayun 2019, mutum fiye da 50 suka tafi. An yi a Majiya ta jihar Jigawa a Oktobar 2024, fiye da 150. Talauci ne yake tura mutane, na yarda, amma rashin sani yana taimaka masa. Mai kwasa yana kallon ruwan da ke ƙasa, yana ganin ai ba shi da ashana a aljihu. Bai san yana tsaye ne a tsakiyar tururi ba, wanda tartsatsin salansar babur ko gugar bokitin ƙarfe a kwalta ya isa ya tayar. Idan an ga tanka a kwance, a yi nesa, a bi ɓangaren da iska take fitowa, a hana yara matsowa.

Mu malaman makaranta muna da namu kason. Darasin matakin kamawa bai fi minti ashirin ba, kuma yaron da ya gane shi zai kai shi gida, ya gaya wa uwarsa dalilin da ya sa ba a zuba kananzir a kwalbar da ta taɓa ɗaukar fetur. Limamai ma in sun ware minti biyu bayan sallar Juma'a a farkon bazara suka tunatar, saƙon zai shiga gidajen da jarida ba ta shiga. Kare rai da dukiyar maƙwabci ai cikin addini yake.

Doka ta yi nata rabon a takarda tun tuni. Saura a sauko da shi inda ake zuba man a kwalba. Allah ya tsare mu da gobara, ya ba masu neman halal sana'ar da ba za ta ci su ba.